Gurbin Farashi

A Dalcahue ruwan sama ba ya sallama,
shigowa kawai yake yi.
A shagon babana akwai allon katako
da ya sha ƙusa har ya koma bushiya:
mai dankali buhu goma,
mai neman wanda zai duba injin kwalekwale,
ɗaki na haya, ban da mai kare.
Laima ta lashe tawada, gishirin teku ya ci ƙusa.
Da baba ya kwanta dama, allon ya zama nawa.

Na ce zan kwashe shi zuwa intanet.
Ƙanena Belarmino ya tuntsire da dariya:
"Herminia, ke da ƙwan fitila ke gagara?"
Na ce masa sannu ba ta hana zuwa.

Shafin da na saya fanko ne, ɗaki ba ƙyaure.
Sai na shiga jona masa fulogin,
'yan manhajojin nan da baƙi suka ƙera a wata duniya.
Wannan ya karɓi talla, wancan ya yi bincike,
ɗaya ya zana taswira,
ɗaya ya tsaya bakin ƙofa yana tambayar kowa ko shi mutum ne.
Duk sun ce kyauta suke.
Sai an kai tsakiyar kogi
kowa ya miƙo hannu, a biya kuɗin fito.

Mai taswira ya ɗauki gidan Doña Uberlinda
ya dire shi cikin mashigin teku.
Ta bugo da sassafe:
"Yarinya, yaushe na zama kifi ban sani ba?"
Mai bincike kuwa bai san 'yar tsutsar nan
da muke ɗora wa harafi a ka ba,
mai neman itacen girki sai ya tarar da ulu.

Daren wata Talata na danna sabuntawa.
Fari fat.
Zakaru biyu sun haɗu a akurki ɗaya
sun tarwatsa ƙwai.
Na kashe su duka, na dinga kunna su ɗaya-ɗaya,
shayi ya huce, murhu ya mutu, ƙarfe uku ya gota,
ashe mai laifin shi ne mai raba taurari,
wanda na jona don kwalliya kawai.
Tun ranar, ba na taɓa komai sai na ɓoye kwafi.

Na yanka rukunai yadda na ga dama:
Dabbobi. Jirage. Gidaje. Masu sana'a. Kwance.
Na ɗauka na gama da tsibirin.

Sai ga Don Ruperto Oyarzo, shekara tamanin da ɗoriya,
takarda a aljihu, ƙusarsa a hannu.
Teku ta fara lasar ginshiƙan gidansa,
yana so a ja gidan ɗungurungum zuwa tudu,
da shanu, da igiya, da gumagumai, yadda kakanni suka yi.
Na buɗe fom.
Fom ya ce: nawa ne farashi?
Na bar gurbin, ya yi ja, ya ƙi wucewa.
Na sa sifili, ya jefa shi cikin kayan kyauta,
tsakanin tsohuwar katifa da 'yan kyanwa uku.

Na kwana ina tonon saituna
har na gano inda ake ce wa gurbi ba dole ba ne.
Na buɗe sabon rukuni, na sa masa suna Gayya.

Ran Asabar mutum arba'in da biyu suka zo,
shanu goma sha huɗu, tukunya kamar rijiya.
Gidan ya yi nishi, ya motsa, ya hau tudu
da labulensa a taga.

Wa ya gani a waya, wa ya gani a allo,
ban tambaya ba.
Don kafin tsohon ya fita ran nan
sai da ya kafa takardarsa a katakon baba,
da duwawun kwalba, bugu uku.
Tana nan. Tawadar ta fara zuba.